Daga Roniyo zuwa Haske: Asalin Jaridar Ɗalibai a Nijar

Yaron da ya tashi a Dungu, cikin ƙasar Matameye, a zamanin mulkin Seyni Kountché, in Allah ya ba shi sa'ar karatu, hanyarsa ɗaya ce: ya wuce Damagaram ya shiga lise Amadou Kouran Daga, daga nan ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa jami'ar Yamai, wadda ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar. Abin da zai tarar a kasuwar jarida bai wuce Le Sahel ba, wadda gwamnati ke bugawa, gwamnati ke tacewa. Amma a ɗakunan kwanan ɗalibai akwai wata jaridar da ba ta da ofishi, ba ta da farashi, ba ta ɗauke da sunan marubuci.

Wannan ɗabi'a gado ce, kuma daga Faransa aka kawo ta. A 1935 Aimé Césaire da Léopold Sédar Senghor da abokansu suka fitar da L'Étudiant noir a birnin Paris. A 1950 aka kafa FEANF, tarayyar ɗaliban baƙar fata na Afirka a Faransa, wadda mujallarta L'Étudiant d'Afrique noire ta yi ta sukar mulkin mallaka da yaƙin Aljeriya har hukuma ta kama wasu fitowarta. Cikin jiga-jigan tarayyar akwai Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda daga baya aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Waɗanda suka dawo gida sun dawo da digiri, sun kuma dawo da sanin cewa ƙungiyar da ba ta da takarda bebiya ce.

Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, wadda aka kafa a 1960, ta riƙe wannan darasi. Bayan juyin mulkin 1974 babu jam'iyya, babu majalisa, sai takardun ɓoye suka zama kafar magana. Aikin kuwa ba na rago ba ne. Ana buga rubutu da tafireta a kan sitansil, harafi na huda takardar. In an yi kuskure sai a shafe da wani ruwa a jira ya bushe. Sannan a ɗaura a injin roniyo, mutum ya yi ta juya hannu har asuba. Tawada kan tona asiri, domin takan kwana a farce. Sabon shiga ba ya farawa da alƙalami: rabo yake yi, ya tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ko ya saka ta cikin kayan mai komawa gida hutu. A haka ya koyi taƙaita magana, tunda sitansil tsada gare shi, ya kuma koyi tantance labari, tunda ƙarya ɗaya ta isa ta zubar da mutuncin ƙungiya. Hatsarin ma ba wasa ba ne, domin yajin karatun 1983 ya ƙare da tsare ɗalibai masu yawa a barikin Tondibiya.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai suka fito zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Watanni kaɗan bayan haka Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské, jarida mai zaman kanta ta farko a wannan sabon zamani. Le Républicain ta Maman Abou ta biyo baya a 1991. A shekarar ne USN ta zauna a Babban Taron Ƙasa da cikakkiyar murya, ƙarƙashin shugabancin André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa.

Sai dai akwai gibin da ya kamata a faɗa. Takardun nan da sunan talaka suke magana, amma da Faransanci. Manomin gyaɗa na Dungu, wanda ɗansa ya kwana yana juya roniyo, bai iya karanta ko layi guda ba. Labarin gadar Kennedy ya fi isa gare shi ta sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus, ko daga bakin ɗan nasa, bayan an rufe makaranta ya dawo gida da ƙunshin takardu a ƙasan akwati.