Agogon ƙirji da ɗigon kwinin

Saura mako guda malamarsu ta yi ritaya, wata ɗaliba ta dubi agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta ta ce, "Mama, wannan na ado ne?" Tsohuwar malamar jinyar yara ta yi dariya, amma tambayar ta sosa mata rai.

Da wannan agogon ta yi shekaru tana ƙirga ɗigon kwinin. A zamaninsu, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga suma, kwinin ake sa masa a cikin ƙarin ruwa: miligiram 20 kan kowane kilo a karon farko, ya ɗauki awa 4 yana shiga, sannan miligiram 10 duk bayan awa 8. Ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, domin zuciya ba ta ɗauka. Kwalbar allurar kuwa miligiram 600 ce a mil 2, don haka yaro mai kilo 10 ko mil ɗaya bai kai a zuƙo masa ba. Sai a zuba a ruwa mil 100, a saita ɗigo 25 a minti da robar yara mai ɗigo 60 a mil guda. Yaro ya lanƙwasa hannu, ɗigo ya tsaya; uwa ta miƙar da shi, ruwa ya zubo da gudu. Ga sukarin jini da kan faɗi ba sallama.

Matiron da ta horar da su ba ta yarda nas ta zuƙi irin wannan magani ita kaɗai ba. Mutum biyu, kowa da takardarsa, kowa ya yi lissafi a ɓoye, sannan a gwada. Wadda ta leƙi amsar 'yar'uwarta ta sake daga farko. In matiron ta ga an rubuta .5 babu sifiri a gaba, takardar ta koma wurin likita, kome girmansa. Ita ce kuma mai ajiye sirinjin gilashi a cikin aljihun tebur saboda faraldihaid, maganin jijjiga mai cin roba, wanda warinsa kan bi mutum har gida. Mijin malamar ya sha yin tsegumi a kan warin nan.

Ba ta kewar kwinin, ko kaɗan. Binciken AQUAMAT na 2010, wanda Ilorin na cikin wuraren da aka gudanar da shi, ya nuna atesunet ya fi shi ceton yara, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne sababbin shiga da ke ganin sauƙi ya zo, sai su ƙiyasta nauyin yaro da ido alhali sikeli na gefe. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 na atesunet ake ba shi kan kilo, wanda ya kai kuwa 2.4, kuma ta sha kama masu haɗa su. Ga insulin, mofin da fotasiyam, suna nan da haɗarinsu yadda suke.

A darasinta na ƙarshe ta karɓe wayoyin ɗaliban, ta rataya ledar ruwa, ta ciro agogon ta miƙa wa mai tambayar, ta ce ta saita mata ɗigo 25. Sai a gwaji na huɗu yarinyar ta dace.