Yadda Ragowar Bindigar Yaƙi Ta Koma Abin Sha'awa A Amurka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta wayi gari da tulin ƙananan bindigogi samfurin M1911, ƙirar John Browning, wadda sojojinta suka fara riƙewa a 1911. Ba kamfanin Colt kaɗai ya yi su ba. Remington Rand, mai ƙera tafireta, shi ya fi kowa yawan ƙira a lokacin yaƙin. Da ragowar ta shiga hannun farar hula sai ta yi arha, abu kuwa in ya yi arha mai shi ba ya tsoron taɓa shi.

Gasar harbin da Jeff Cooper ya riƙa shiryawa a Big Bear ta jihar Kalifoniya a shekarun 1950 ta ƙara wa abin kasuwa, don kowa na neman bindigar da ta dace da hannunsa. Maƙera irin su Armand Swenson suka yi suna. Yakan ɗauko abin saiti na Smith & Wesson ya dasa wa ta sojan, ya sa mata sakatar da bahago ma zai iya murzawa. Kayan gyaran da ake saye yau a kanti, da hannu aka fara yin su, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai an yi asarar da ba a gani ba a lokacin. Duk wadda aka goge aka huda, darajarta ta kayan tarihi ta tafi. Singer, mai keken ɗinki, 500 kacal ya ƙera. Ɗaya da ta tsira yadda take an yi gwanjonta a 2017 kan sama da dala 400,000.