Tawayen 1916-1917: sunayen da ake tunawa da su a Tawa da arewacin Adar

Tawayen 1916-1917 shi ne boren da Abzinawa suka yi wa mulkin mallakar Faransa a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Hausawa sun fi saninsa da yaƙin Kawusan. Sai dai a jihar Tawa tarihinsa ya haɗa da wasu shugabanni da wasu filayen daga.

Mafarinsa

Tun a 1901 Faransawa suka ci Kel Geres da yaƙi a Zangebe da Galma, a kudancin Adar. Daga nan haraji da ƙwacen raƙuma suka biyo baya. Yunwar 1913-1914 ta ƙara tsananta wa makiyaya da manoma.

Shugabanni

Firhun ag Elinsar, tambarin Iwillimmidan na yamma, ya tsere daga hannun Faransawa a farkon 1916. Mayaƙansa sun kai hari Filinge a watan Afrilu, aka ci su a Andarambukan a watan Mayu, shi kuma aka kashe shi a watan Yuni.

Kawusan, ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama. An kashe shi a 1919 a yankin Fezzan na Libiya. Tagama ya mutu a kurkuku a 1920.

Alhurer shi ne tambarin Kel Dinnik, Abzinawan Azawak da ke arewa da Tawa. A 1917 sojojin Kyaftin Sadoux suka karkashe manyan mutanensa a Tanut ta Azawak, wadda ta bambanta da Tanut ta Damargu. Bayan tawayen, Faransawa suka karya sarautar tambari, suka rarraba Kel Dinnik rukuni-rukuni, kowanne da shugabansa.

Inda aka adana labarin

Rahotannin lokacin sojojin Faransa ne suka rubuta su. Ɓangaren mutanen ƙasa kuwa yana cikin waƙoƙin Tamajak da bakin dattawa, waɗanda suka gaji sunayen rijiyoyi da na mazajen da suka faɗi. Masanin tarihi André Salifou ya wallafa littafi kan Kawusan a 1973, Djibo Hamani kuma ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu duk sun ƙaura, abin da ya rage yana hannun jikokinsu.