Jiragen Masu Gudun Ɗari Da Ƙofofi Biyu Na Hadari

Duk ɗan makarantar da ya yi nisa cikin labarin ƙasa ya san a watannin da mu ke hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙasashen Turai da arewacin Amurka suna cikin ɗari mai tsanani, ga ƙanƙara, ga gajartar yini. Fiye da shekara ɗari ke nan masu halin ƙasashen nan suka sami wata al'ada, su shiga jirgin ruwa su tsere zuwa tsibiran ɗumi, su sha rana su komo. Mutanen Ingila da Jamus sun fi nufar Madera da Kanari, waɗanda ke daura da gaɓar Afirka ta arewa maso yamma. Mutanen Amurka kuwa sai Bahamas da Kyuba da Jamaika da Barbados, tsibiran da a ke kira Indiya ta Yamma. To, amma kafin a kai can sai an ratsa Tekun Atlantika a lokacin da ya fi fushi, shi ya sa sau da yawa an yi gudun gara an tarar da zago.

Abin mamaki, fushin tekun nan shi ya haifi wannan sana'a. A ƙarshen ƙarni na 19 manyan jiragen fasinja suna kai da kawowa tsakanin Turai da Niyok, babban birnin nan na Amurka. Da rani ya yi musu kyau ɗakunan jirgi su cika, amma in ɗari ya shigo ba mai son ƙetare arewacin teku sai wanda ya zama masa tilas. Sai jirage su zauna a tasha, ana ciyar da ma'aikata, ba kwabo na shigowa. Wani Bajamushe, Albert Ballin, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin jirage na Hambug da Amurka, ya ce tun da arewa ta ƙi, a juya akalar jirgi kudu. Ran 22 ga Janairu, 1891, jirginsa Augusta Victoria ya tashi da fasinja 241, ya yi kwana 57 yana zagaya Bahar Rum. Ba fatauci ya kai mutanen nan ba, ba ƙaura ba, kallo kawai da hutawa. Da aka ga riba sai wasu kamfanoni suka bi sawu, aka kuma faɗaɗa yawon har Indiya ta Yamma.

Akwai dalilin da ya sa tsibiran suka fi daɗi a waɗannan watanni. Manyan guguwar teku da ke rushe garuruwan Indiya ta Yamma suna da lokacinsu, daga Yuni zuwa Nuwamba. Da yawa daga cikin mafi ƙarfinsu kuwa a nan Afirka ta Yamma su ke samun tushe, gama hadarin damina da ke wuce mu ya nufi yamma, in ya fita teku ya tarar da ruwa mai ɗumi, shi ne wani lokaci ya ke riƙa ya zama guguwa. Da damina ta ɗauke mana su ma sai su sami sa'ida, sama ta washe, iska mai daɗi ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, 'yar'uwar iskar da ke kawo mana buji. Saboda haka wurin sauka lafiya lau ya ke. Wahalar tana kwana biyun farko da kwana biyun ƙarshe na tafiya, a wurare biyu da za mu iya kira ƙofofin hadari.

Ƙofa ta fari ita ce Gulbin Biske, wani babban lungun teku tsakanin Faransa da Sifen. Jirgin da ya fito Ingila ya nufi Madera ba shi da hanya sai ta bakinsa. A tsakiyar wannan gulbi zurfin ruwa ya wuce ƙafa 15,000, amma wajen gaɓar Faransa ƙasan teku ya taso farat ɗaya har zurfin bai fi ƙafa 600 ba. Raƙuman ruwan da iskar yamma ta koro daga nisan dubban mil, in sun iso wannan tudu sai su cunkushe, su yi tsayi, su riƙa bugun jirgi ta gefe. Mutanenmu na dā da suka je Ingila ta ruwa sun ɗanɗana wannan, domin jiragen wasiƙa na kamfanin Elder Dempster da ke tashi daga Ikko suna yada zango a Las Palmas ta Kanari, sa'an nan su ratsa Biske. Haka aka riƙa yi har 1974, shekarar da jirginsu na ƙarshe, Aureol, ya bar aikin.

Ƙofa ta biyu tana gefen Amurka, daura da wani tsinin ƙasa mai suna Hataras. A nan akwai wani kogi na ruwan ɗumi da ke gudu a cikin teku, ya fito daga wajen Meksiko ya nufi arewa, gudunsa ya kan kai mil 5 a sa'a. In iska mai sanyi ta sauko daga tudun Amurka ta hau kan wannan ruwan ɗumi, nan da nan hadari ya haɗu. In kuwa iskar daga arewa ta ke, ga shi ruwa na gudu arewa, sai su yi karo, raƙuman ruwa su miƙe tsaye kamar bango, ɗaya na bin ɗaya ba tazara. Matuƙa suna yi wa wurin laƙabi da maƙabartar Atlantika, saboda yawan jiragen da suka hallaka a can.

Jirgi na farko da aka ƙera musamman domin yawon shan iska shi ma aikin Ballin ne, sunansa Prinzessin Victoria Luise. An sa shi a ruwa cikin 1900, fari fat, da ɗakuna 120, da ɗakin karatu, har da ɗakin wanke hoto. A Janairun 1901 ya fara kai mutanen Niyok Indiya ta Yamma. Bai cika shekara shida yana aiki ba. Daren 16 ga Disamba, 1906, ya iso bakin Kinstan ta Jamaika, kyaftin ya ga fitilar wata hasumiya ya zaci ta wani wuri ce, ya miƙa da gudu ya hau duwatsu. Fasinja duka an fid da su lafiya da gari ya waye, amma kyaftin ya shiga ɗakinsa ya harbe kansa. Raƙuman ruwa suka ƙarasa jirgin cikin 'yan kwanaki.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko sana'ar ta haɓaka ƙwarai, musamman da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, mashaya suka riƙa bin jirgi zuwa Habana da Nasau. A tsakiyar wannan zamani ne aka yi wata musiba wadda ya kamata a tsaya a kanta, gama ta nuna inda laifin teku ya tsaya da inda na mutum ya fara.

Vestris jirgin Ingilishi ne, yana ɗaukar fasinja da kaya daga Niyok zuwa Barbados da Amurka ta Kudu. Ya tashi ran 10 ga Nuwamba, 1928, da mutum fiye da 320, fasinja da ma'aikata. A jikin kowane jirgi akwai zane da ke nuna iyakar inda ruwa zai kai in an yi masa lodi, na lokacin ɗari kuwa ya fi tsanani. An loda wa Vestris kaya har wannan zane ya nutse. Kashegari hadari ya same shi. Ruwa ya riƙa shiga ta wata ƙofar gefe da ba ta rufu sosai ba, kaya suka gangara ɓangare guda, jirgi ya karkata dama. Dare ya yi, karkatar na ƙaruwa, masu zuba kwal a tanderu suna aiki cikin ruwa. Akwai wayar iska a jirgin, akwai kuma wasu jirage a wannan hanya, amma Kyaftin William Carey bai yi kukan neman agaji ba sai wajen ƙarfe 10 na safiyar 12 ga wata. Wurin da aka faɗa a wayar ma akwai kuskuren mil da yawa.

Da aka zo saukar da kwale-kwalen tsira sai aka sa mata da yara a na gefen hagu, wanda ya yi sama saboda karkatar jirgi. Kwale-kwalen suka riƙa gogar jikin jirgi, wani ya fashe, wani ya zubar da mutane, wani jirgi ya nutse da shi a rataye. Da azahar Vestris ya kife, wajen mil 200 daga gaɓar Bajiniya, masu ceto ba su iso ba sai cikin dare. Mutum fiye da 110 suka rasu, har da kyaftin. Yara 13 da ke ciki ko ɗaya bai tsira ba. Wani matuƙi baƙar fata ɗan Barbados, Lionel Licorish, ya yi iyo ya kama wani kwale-kwale, ya riƙa faɗawa ruwa yana jawo mutane har ya ceci wajen 20, aka karrama shi a Niyok. Kotun binciken da ta zauna a London cikin 1929 ta ce lodi ya yi yawa, kuma da an yi kiran agaji sa'a shida kafin lokacin da aka yi. Hadarin da ya sami Vestris wasu jirage sun ratsa shi a ranar sun wuce. A wannan shekara ƙasashe suka sa hannu a sabuwar yarjejeniyar tsaron rai a teku, a 1930 kuma suka daidaita dokar zanen lodi.

Masu ƙira su ma ba su zauna ba. Babban abin da ke hana mutane shiga jirgi shi ne layin da ya ke yi, wanda ke kawo jiri da amai har ƙaƙƙarfan mutum ya kwanta kwana uku. Aka ƙago wasu fikafikan ƙarfe da ke fitowa daga cikin jirgi a ƙarƙashin ruwa, suna juyawa suna danne layin. An gwada su a wani ƙaramin jirgin Ingila cikin 1936, a 1950 aka sa wa babban jirgin fasinja Chusan. Amma fikafikan layin gefe kaɗai su ke ragewa, sukuwar da jirgi ke yi gaba da baya ba su da maganinta.

Ba iska kaɗai ke kisa a tekun ɗari ba, sanyin ruwan ma ya isa. Ran 19 ga Disamba, 1963, jirgin Girka mai suna Lakonia ya bar Southampton da mutum 1,022 domin su yi Kirsimeti a Kanari. Sun wuce Biske lafiya. Daren 22 ga wata, saura mil 180 su kai Madera, gobara ta tashi a ɗakin gyaran gashi. Wasu kwale-kwale suka ƙone, wasu ƙarafan saukar da su sun yi tsatsa, mutane da yawa suka yi tsalle cikin ruwa da tufafin biki. Mutum 128 suka rasu, yawancinsu ba wuta ta ci su ba, nutsewa da sanyi da raunin faɗuwa ne.

Abin da ya rage wa Amurkawa wahalar Hataras daga sama ya zo. Daga 1958 jiragen sama masu gudun gaske suka fara ƙetare Atlantika cikin sa'o'i kaɗan, suka ƙwace fasinjan jiragen ruwa. Masu jiragen suka ce to, bari jirgin sama ya kawo mana mutane inda babu ɗari. A Disamban 1966 jirgin Sunward ya fara ɗaukar masu yawo daga Mayami, can kudancin Amurka. Daga Niyok zuwa Nasau kusan mil 1,100 ne, daga Mayami kuwa bai kai mil 200 ba, kuma ba a bi ta ƙofar hadari.

Duk da haka ba a daina tashi daga arewa ba, domin akwai masu ƙin jirgin sama, akwai masu son ragin kuɗi. Ran 6 ga Fabrairu, 2016, Anthem of the Seas, jirgin da ya fi Vestris girma sau goma sha biyar, ya tashi daga kusa da Niyok da fasinja wajen 4,500 ya nufi Bahamas. Masu duban yanayi na gwamnatin Amurka sun riga sun yi gargaɗin hadari tun kwanaki kafin nan. Aka yi lissafin za a riga shi wucewa, lissafi bai fita ba. Kashegari daura da Hataras iska ta wuce mil 100 a sa'a, raƙuman ruwa suka kai ƙafa 30, aka umurci kowa ya zauna ɗakinsa, kujeru da tangaran suka farfashe. Ba wanda ya rasu, mutum huɗu suka yi ƙananan raunuka, jirgi ya juya ya koma inda ya fito. A ganinmu ƙarfin jirgi ne ya rufa asirin waɗanda suka yanke shawarar tashi, gama kyaftin na zamanin nan yana ganin hadari a hoton tauraron ɗan'adam tun yana nesa, abin da Carey bai taɓa samu ba, amma jadawalin kamfani da kuɗin da aka riga aka karɓa suna nan a wuyansa kamar dā. A 2017 kamfanin ya ɗauki masanin yanayi nasa na kansa.

Biske ita ma ba ta sake hali ba. Ran 4 ga Nuwamba, 2023, jirgin Spirit of Discovery yana komowa Ingila daga Kanari da fasinja wajen 1,000, yawancinsu tsofaffi, hadari ya rutsa da shi a can. Injin ya tsaya, jirgi ya juya ya karkata, mutum wajen 100 suka ji rauni. Ya yi sa'o'i da yawa yana fuskantar iska a wuri ɗaya kafin ta lafa ya kama hanyar gida.