Daga Masara zuwa Yazawa: Sauyin Noma a Ƙasar Bono ta Gana

Ƙasar Bono tana tsakiyar Gana, daidai inda kurmin kudu ya fara saki, filin ciyawa na arewa ya karɓa. Manyan garuruwanta sun haɗa da Sunyani da Taciman da Wanci da Kintampo. Hausawa ba baƙin wannan yanki ba ne. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, kasuwar goro ta Salaga ta fara ja da baya, fatake kuwa suka karkata zuwa Kintampo. Zangunan da ke garuruwan yankin suna ɗauke da wannan tarihi har yau. Wannan takarda ta dubi yadda manoman yankin suka riƙa rage noman masara suna dasa yazawa, wadda ake kuma kira kashu, daga wajejen 1990 zuwa yau.

Masara ta samu gindin zama a Bono saboda dalilai biyu. Na farko, a mafi yawan yankin damina biyu ake yi a shekara, don haka manomi kan iya girbe masara sau biyu. Na biyu kuwa hannun gwamnati ne. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta buɗe manyan gonaki na hukuma a wannan shiyya, aka kawo motocin noma da takin zamani. A 1972 gwamnatin soja ta Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, aka ci gaba da sayar wa manoma taki cikin rangwame. Sai kuma fari da gobarar daji ta 1983 suka cinye gonakin koko masu yawa a gefen kurmi. Mutane da dama ba su sake dasa kokon ba, suka mayar da filayen na masara da rogo da doya. Haka Taciman ta ƙara bunƙasa a matsayin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na ƙasar.

To amma a cikin wannan shekara ta 1983 ne Gana ta karɓi shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ya zuwa 1990 an janye tallafin taki baki ɗaya. Masara kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, shuka ce mai cin ƙasa. In babu taki, gonar da ta sha garma shekara da shekaru ba ta ba da abin kirki. Ga shi kuma da kaka farashinta kan faɗi warwas, domin kowa na sayarwa lokaci guda, wanda ya ce zai ajiye kuma sai ya yi fama da ƙwari da danshi. Ingantaccen irin nan mai suna Obatanpa, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Kumasi ta fitar a 1992, ya taimaka, amma bai sauya wannan lissafi ba.

Ita yazawa asalinta daga arewa maso gabashin Burazil take, Turawan Fotugal ne suka yaɗa ta zuwa Afirka da Indiya tun ƙarni na 16. Ba ta da tsirfa: tana jure fari, tana yi a ƙasar da ta gaji, tana fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma ana tsince ƙwallonta daga Fabrairu zuwa Mayu, wato daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin shirin damina. A 1991 tan 15 kacal Gana ta fitar zuwa waje. A 1997 adadin ya haura tan 3,500. Daga 2002 gwamnati ta gudanar da wani shiri na bunƙasa nomanta da kuɗin Bankin Raya Afirka. Garin Sampa, wanda ke bakin iyakar Kwaddibuwa, ya zama matattarar dillalai, kuma wani kaso na abin da ake aunawa a can daga ƙetaren iyakar yake shigowa.

Kuskure ne a ɗauki wannan sauyi a matsayin lissafin riba kawai. Babban abin da ya canza shi ne dangantakar mutum da ƙasa. Masara wata huɗu take yi a gona. Ana girbe ta fili ya koma hannun dangi ko sarki, baɗi a iya ba wani. Bishiya kuwa tana iya kai shekara talatin tana 'ya'ya, kuma a al'adar yankin wanda ya dasa bishiya ya samu hujja mai ƙarfi a kan filin da take tsaye. Ke nan mai dasa yazawa a gonar gado ya yi abu biyu a lokaci guda: ya nemi kuɗi, ya kuma killace filin don kansa da 'ya'yansa. Shi ya sa dashen bai tsaya ga ƙananan manoma ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa na birni su ma sun shiga, da sauran masu abin hannun da za su iya jiran shekarun farko.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne baƙin manoma, musamman Dagaaba da suka zo daga arewa maso yammacin ƙasar, waɗanda su ne suka daɗe suna noma kaso mai yawa na masarar yankin. Sukan karɓi gona haya, ko bisa tsarin da ake kira abusa a harshen Twi, inda ake raba amfani gida uku, mai fili ya ɗauki ɗaya. Galibi ba a yarda baƙo ya dasa bishiya, saboda dalilin da aka ambata. Abin da kan faru shi ne mai fili ya dasa yazawarsa, ya bar baƙo ya shuka masara a tsakanin layuka; noman da baƙon ke yi wa masararsa shi ne ke kare dashen daga ciyawa da gobara. Bayan 'yan shekaru rassa sun haɗe, inuwa ta rufe ƙasa, masara ba ta ƙara yi. Sai baƙo ya tattara ya nemi wani fili, da shi da hannunsa ya raini bishiyar da ta tashe shi. Mata da samarin gari, waɗanda suka saba samun ɗan yanki a gonar dangi, su ma sun ga filin yana tsukewa.

Shi ma mai yazawar bai huta ba. Ɓawon ƙwallon yana ɗauke da wani ruwa mai ƙona fata, fasa shi sai da na'ura ko ƙwararren hannu, don haka mafi yawan amfanin ɗanye ake loda shi zuwa Indiya da Biyetnam, can ne kuma ake yanke farashi. A watan Maris na 2016 ministan ciniki Ekwow Spio-Garbrah ya ba da umarnin dakatar da fitar da ɗanyar yazawa na wata biyu, don masana'antun cikin gida su samu ta sarrafawa. Nan take farashi ya faɗi a hannun manoma, 'yan majalisa suka tayar da jijiyar wuya, aka janye umarnin cikin 'yan kwanaki. A 2019 aka yi dokar kafa hukumar kula da bishiyoyin kasuwa guda shida, ciki har da yazawa da kaɗanya da mangwaro, wadda daga baya ta fara sanar da mafi ƙarancin farashin da za a saya daga manomi.

Ba a daina noman masara a Bono ba, domin ita ce abincin yau da kullum, ita ce kuma abincin kajin gidajen gona. Sai dai ta ƙara fuskantar matsi: tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar a 2016, ta yi ɓarna sosai a 2017. A watan Agusta na 2024 kuma, bayan ruwa ya ɗauke na makonni a arewaci da tsakiyar ƙasar, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙasashen waje.