Takalmin Fade da Tafin Ƙafa a Ƙasar Bakori

Fade takalmi ne na fata, shimfiɗaɗɗe, babu tudu a dunduniyarsa. Igiya ce ke riƙe shi: takan fito tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ta rabu biyu, ta sauka dama da hagu. Kaurinsa bai wuce na ƙirgi falle ɗaya ko biyu ba. Shi ne takalmin talaka a ƙasar Hausa kafin zuwan roba, kuma a yankin Bakori, kudancin Jihar Katsina, tarihinsa a ɗaure yake da noma, domin yanayin ƙasa ne ke faɗa wa mutum lokacin da zai sa takalmi da lokacin da zai tuɓe.

Bakori, mazaunin Makaman Katsina, tana 'yar tafiya kaɗan arewa da Funtua, a kan hanyar da ke zuwa Malumfashi. Ƙasar wannan yanki ta fi ta arewacin Katsina samun ruwa, ta kuma fi ta nauyi. Can wajen Daura rairayi ne, nan kuwa ƙasa ce mai danƙo, ja a tudu, baƙa a fadama, wadda ke ba da dawa da masara da auduga. Da damina takan riƙe takalmi ta ƙi saki. Fata kuma ba ta shiri da ruwa: in ta jiƙe sai ta yi santsi ta miƙe, in ta bushe ta ƙandare ta riƙa cizon ƙafa. Shi ya sa manomi kan iso gona da takalminsa, ya tuɓe ya ajiye a gindin ɗorawa kusa da gorar ruwa, ya shiga aiki haka nan.

A wajen shuka ƙafa ma kayan aiki ce. Mai sungumi yana gaba yana sara, mai iri yana biye, ya jefa ƙwaya uku ko huɗu a rami, ya turo ƙasa da gefen ƙafarsa, ya ɗan danna da dunduniya, ya wuce, duk ba tare da ya sunkuya ba. Dannawar nan tana da ƙa'ida. In ta yi yawa ƙasa ta daskare a kan iri, tsiro ya sha wuyar fitowa. In ta yi kaɗan tsuntsu ko ɓera ya tone. Da tafin ƙafa ake jin wannan ma'auni, da shi kuma ake sanin ko ruwan jiya ya ratsa ƙasa ko iyakarsa sama-sama.

Da an yi girbi sai lamari ya juya. Gonaki su cika da tushiyar kara mai kaifi, hanyoyi su cika da tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa da ta magarya. Hunturu ya zo da faso, dunduniya ta tsage har ta yi jini, a riƙa cusa mata man kaɗanya. Bazara ta biyo baya, ƙasa ta ɗauki zafin da ba a iya tsayuwa a kanta da rana tsaka. Wannan ne lokacin fade, shi da ranar kasuwa da doguwar tafiya. Duk da haka matafiyi ba ya rabuwa da matsefata, domin ƙayar da ta sami gefen ƙafa ba ta tambayar ko akwai takalmi.

Ƙafar da ta tashi a haka takan yi kanta, yatsunta su baje, tafinta ya yi faɗi. An daɗe ana zaton kanta tana kashe jin ƙafa. A 2019 wasu masana, cikinsu har da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard, suka auna tafin ƙafar mutane a Kenya da Amurka, suka tarar cewa masu yawo ba takalmi sun fi kaurin kanta, amma kaurin bai rage musu jin abin da suka taka ba. Takalmi mai laushin ciki ne ke dusashe wannan ji. Ƙirgi falle ɗaya ya fi kusa da kanta a wannan fanni, don yana tare ƙaya da zafi amma ba ya ɓoye wa ƙafa siffar ƙasa.

Hannu biyu ke fitar da takalmin, na majemi da na baduku. Majemi yakan jiƙa fata, ya tsoma ta a ruwan toka da kanwa har gashi ya saki, ya kankare. Sai ya sa ta a ruwan kashin tantabara ko na ganyen fataka don ta yi laushi, sannan ta kwanta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce ke hana ta ruɓewa. Daga nan a shafa mai, a murza, a shanya. Jan launi daga karan dafi ake samunsa. Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ta fi kowace santsi da ƙwari, ita ake yanka igiya da ado da ita, fatar sa kuwa ta zama tafin takalmi. Irin wannan fatar akuya ce ta riƙa ƙetare hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali a nan aka jeme ta.

Baduku ba ya tambayar lamba. Mai saye yakan zo rumfarsa ranar kasuwa, ya ɗora ƙafa a kan ƙirgi yana tsaye, nauyinsa duka a kanta, baduku ya bi gefen ƙafar ya zana, ya bar 'yar rata gaba da baya. Sai ya ɗiga alama daidai tsakanin yatsun nan biyu, ya huda da basilla. Ƙafar dama daban, ta hagu daban. Wanda babban yatsansa ya karkace, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya girma, takalminsa zai fito da wannan siffa. Bayan 'yan makonni ana tafiya, zufa da nauyi su sa fatar ta lotsa daidai gurbin kowane yatsa, har mai shi ya iya gane nasa a ƙofar masallaci da asuba ta hanyar zura ƙafa kawai. Takalmin kanti akasin haka yake: shi ake fara ƙerawa, sannan a nemi ƙafa ta saba da shi.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara amfani da su, tare da kakaki da figini. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550, ya ce a Gobir akwai masu ɗinka takalma irin waɗanda Rumawan zamanin da suke sawa, ana kai su Tumbuktu da Gao. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya sa takalma a matsayi na biyu bayan tufafi cikin kayan da birnin ke yi yana fitarwa. Ya kiyasta cinikinsu a wuri miliyan 10 a shekara, na tufafi kuwa miliyan 300, ya kuma ce mafi kyawu, waɗanda ya rubuta sunansu "taka-saraki", wuri 200 kacal ake sayar da su. Wanda ya raba miliyan 10 da 200 zai sami takalma dubu 50, kuma wannan in an ɗauka duk masu tsada ne, alhali yawancinsu ba su kai haka ba.

Takalmi yana kuma nuna matsayi. Sambatsai masu ado na masu hali ne, kubutai da huffi na malamai da dattawa, dogayen takalman hawa na mahaya, dangarafai na itace kuwa na taka caɓi ne da damina. Amma ko wane iri mutum ya sa, ya san zai tuɓe shi sau da yawa kafin rana ta faɗi: a masallaci sau biyar, a ƙofar zauren malam, a fada gaban hakimi, a gidan surukai. Yaro ko mace kan tuɓe su riƙe a hannu in za su gifta majalisar dattawa. Al'ummar da ke tuɓe takalmi haka ba za ta so mai igiyar ɗauri da ƙulli ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa buɗaɗɗen takalmi ya ci gaba da rinjaye har yau, ko da fatar ta koma roba.

Canji ya biyo hanyar dogo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin ɗanyar fata, busasshiya, suna lodi zuwa Ikko da Ingila. Majemin ƙauye ya sami abokin takara mai kuɗi a hannu tun daga mahauta. A ƙarshen shekarun 1920 reshen da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Kaura Namoda ya ratsa Funtua, garin ya bunƙasa da injin gurzar auduga da kantuna, kuɗin kaɗa suka shiga aljihun manoman Bakori da Maska da Malumfashi. Kayan kanti suka zama abin marmari. Makaranta da aikin gwamnati da soja suka zo da sau-ciki da kambas, sunan Bata ya zama sananne, kuma rufaffen takalmi ya koma shaidar wayewa.

Ba sau-ciki ne ya kwantar da fade a karkara ba, tsohuwar taya ce. Da motoci suka yawaita a hanyar Funtua, sai masu dabara suka fara yanka taya a siffar ƙafa, su kafa mata igiya da 'yan ƙusoshi. Takalmin taya ba ya tsoron ruwa, ƙaya ba ta huda shi, yana shekaru, kuma araha ne. Siffarsa ta fade ce sak, sai dai ya fi nauyi da tauri, yana kuma ɗaukar zafi. Bayansa takalmin roba na makiyaya ya shigo, sannan silifa, wanda yanzu ya cika kowace kasuwa. Fatar sa kuma ta sami wata hanya: ana babbake ta a ci a matsayin ganda, har ta kai mahauci ya fi samun riba a wajen mai tukunya fiye da wajen majemi. Abin takaici ne a ce yankin da ke kiwon shanu da awaki masu yawa haka ya koma sayen takalmin da igiyarsa ke tsinkewa cikin wata biyu.

Sai dai yawo ba takalmi yana da nasa farashin, kuma ba ƙarami ba ne. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun gudanar da dogon bincike kan cututtukan yankin Malumfashi, saran maciji na cikin abin da suka duba, musamman na gamsheƙa. A karkara yawancin sara a ƙafa da ƙwauri yake sauka, lokacin noma ko tafiyar dare, kuma a nan fade ba ya tsare komai. Takalmin roba mai dogon wuya ake bukata. Akwai kuma tsutsar hanji mai shan jini, wadda 'ya'yanta ke huda fatar ƙafa daga ƙasa mai danshi inda ake bahaya a fili. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu yakan taka ƙusa bai sani ba, har miki ya ci ƙarfinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi zamanin rashin takalmi, rashi ne ya sa su, ba zaɓi ba.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa zaɓi ne. Tun 1960 Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada ƙanin wani a wasannin Olamfik na birnin Rum ba takalmi, amma sai a tsakiyar shekarun 2000 abin ya zama yayi, lokacin da kamfanin Vibram na Italiya ya fito da FiveFingers, takalmi mai gurbin kowane yatsa. A 2009 littafin Christopher McDougall mai suna Born to Run ya ba da labarin mutanen Tarahumara na Meziko, masu gudun dogon zango da takalmin taya da igiyar fata, wanda duk ɗan Bakori zai gane shi da gani ɗaya. An zuzuta amfanin abin fiye da hujjar da ke ƙasa, har a 2014 Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi kan iƙirarin ƙarin lafiya. Wasu da suka yi gaggawar sauyawa daga takalmi mai kauri sun sami ciwon agara da tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa, domin ƙafar da ta shekara talatin a kulle ba ta da ƙarfin wadda ta tashi a gona.

Abin da masu bin wannan yayi ke dubawa in za su saya sananne ne: kada dunduniya ta fi gaba tudu, tafin ya zama siriri, sau da yawa milimita 3 zuwa 10, ya lanƙwasu a hannu ba gardama, gaba ya yi faɗin da yatsu za su baje, kuma ya riƙe ƙafa sosai. Fade na ƙwarai ya cika huɗun farko tun daga rumfar baduku. Na biyar ne ke da magana, domin takalmin da ba shi da igiyar baya yakan sa yatsu su riƙa ƙanƙamewa don kada ya suɓuce, amma baduku na iya ƙara maɗaurin dunduniya in an nema.

Masu jima suna nan a Majema da ke kusa da Ƙofar Wambai a Kano, cibiyar binciken fata tana Samaru ta Zariya, kuma ana shigo da takalman fata masu kyau daga Nijar. A kasuwannin Bakori da Funtua aikin baduku ya fi karkata ga kube da layu da kayan doki da ɗinkin silifa da ya tsinke, amma mai son a zana masa ƙafa a kan ƙirgi zai iya tambaya a layin dukawa. Sabon fade yana da santsi a kan siminti da tayil, sai an ɗan goga tafinsa a tsakuwa. Ana shafa masa man kaɗanya da hunturu, in kuma ruwa ya taɓa shi a inuwa ake shanya shi, a danne da dutse don kada ya kanannaɗe.