Haɗa zomayen gida

Haɗa zomayen gida shi ne sama wa zomon da ake kiwo abokin zama daga cikin jinsinsa, tare da sabar da su da juna a hankali har su zauna wuri ɗaya babu faɗa. Zomon gida ya samo asali ne daga zomon Turai, Oryctolagus cuniculus, wanda asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal ne, inda yake rayuwa cikin garke a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka kaɗaici yana takura shi. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Birtaniya tana ba da shawarar kada a ajiye zomo shi kaɗai.

Zaɓen abokin zama

Haɗin da ya fi ɗorewa shi ne na namijin da aka dandaƙe da macen da likitan dabbobi ya cire wa mahaifa. Idan ba a yi haka ba, sukan hayayyafa da sauri, domin cikin zomo kusan kwana 31 ne. Namiji yana iya yi wa mace ciki har zuwa mako 6 bayan dandaƙa, don haka ake jinkirta haɗa su. Maza biyu da ba a dandaƙe ba sukan yi mummunan faɗa idan sun balaga. Ɓeran Masar bai dace da zama abokin zomo ba: bukatunsu na abinci sun bambanta, zomo yana iya ji masa rauni, yana kuma iya sa masa cutar numfashi.

Yadda ake haɗa su

Zomo yana kishin wurinsa, musamman mace. Da farko ana ajiye su a keji biyu kusa da juna, su riƙa ganin juna da jin warin juna. Daga nan sai a riƙa haɗa su na ɗan lokaci a wurin da babu wanda ya saba da shi a cikinsu, ana sa musu ido. Hawan juna da 'yar kora ba abin damuwa ba ne, amma idan suka fara cizo sai a raba su nan take. Sabon yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci watanni.

Alamomin sabo

Zomayen da suka saba sukan lashi juna, su ci abinci tare, su kwanta jiki da jiki. Daga nan ba a raba su, ko da za a kai ɗaya wurin likita, domin rabuwa tana iya ɓata sabon.